Daɓe Mai Ƙyalli a Ɗakin Rakiya

A Tungar Sanda, ƙauyen nan da ke gefen hanya in ka baro Anka ka nufi Bagega, Barau uku ne. Akwai Barau mahauci, akwai Barau ladan, sannan akwai Barau Tsintau. Na ƙarshen nan ko akuya ka tambaya za ta nuna maka gidansa, don babu wani gida a garin da aka yi wa ƙyauren zaure da murafen gwangwani in ba shi ba.

Kar a ce matsiyaci ne. Yana da gonar gado a bakin rafi, da jaki ɗaya mai taurin kai, da garken agwagi da suka haura ashirin. Ciwonsa ɗaya: ba ya iya wuce abu a ƙasa. Tsohuwar ƙusa, igiyar silifa, ƙahon rago, duk aljihunsa ne makomarsu. Mu maƙwabta mun sha gaya masa cewa ranar da za a ɗauke shi zuwa makwanci sai an ɗaure masa hannu da kyau, kar ya leƙo daga makara ya tsinci wani abu a hanya. Shi dai murmushi yake yi, ya ce a bari ranar ta zo.

Halin nan a nono ya sha shi. Inna Husaina, mahaifiyarsa, ita kaɗai ta rene shi bayan rasuwar babansa, kuma a gidanta ba a san zubarwa ba. Ƙasarin da aka wanke gero na awaki ne da agwagi. Dusa ma tasu ce. Ruwan wanka akwai 'yar hanyar da aka yi masa zuwa gindin zogale. Karan dawa ya yi danga shekara biyu, in ya ruɓe ya shiga murhu, tokarsa ta je juji ta tarar da kashin awaki da sharar tsakar gida. Kafin ruwan farko kuwa Barau zai ɗaura wa jaki mangala ya kwashe jujin kaf ya kai gona. Tun shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato yake wannan jigila, lokacin tsawonsa bai wuce kunnen jakin ba, har ya haddace abin kamar karatu. In ya ga mutum yana wulaƙanta shara sai ya ce masa, tuwon bana ai sharar bara ce.

Abu na farko da ya ƙi bin wannan hanya shi ne leda. A da ana ƙunshe daddawa da ƙuli-ƙuli a ganye ko takarda, sai ga baƙar leda ta cika kasuwar Anka, kowa na murna ya huta. Barau ya kai ta gona cikin taki, shekara ta zagayo ya same ta yadda ya bar ta, maƙale a kututturen gero tana kaɗawa. Sannan jar akuyar Inna, mai haihuwar biyu-biyu, ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, jiki ya rame. Da aka yanka ta kafin ta yi mushe, Barau mahauci ya farke tumbin ya zaro wani baƙin dunƙule mai girman kan jariri. Leda ce zalla.

Barau ya daɗe yana kallon dunƙulen nan. Daga ranar ya riƙa bin lungu yana tsince leda yana tufka igiya da ita. Igiyar ba ta da kyan gani amma ba ta tsinkewa. Jarka in ta fashe ya yanka ta ya yi wa agwagi mazubin ruwa. Tsohuwar tayar keke ta zama ɗaurin danga. A wurinsa magana ta ƙare ke nan: ko abin da juji ya ƙi, in mutum ya yi tunani zai samo masa aiki. Da wannan tunanin ya girma, kuma shi ne ya kai shi inda ya kai shi.

Ya yi aure yana da ashirin da 'yan kai. Rakiya 'yar wani ƙauye ce a fadamar Gummi, inda ake noman shinkafa da albasa. Can ya gan ta da ya je neman irin albasa, ya dawo da irin ya baro hankalinsa. Mace ce mai tsafta har ta wuce misali, tsintsiya ba ta hutawa a hannunta. Muka ce an haɗa mai shara da mai kwasa, gidan nan ko ƙuda sai ya yi ƙaura.

A shekarar ne zinari ya shigo gari. Ba wai a da babu shi ba. Tun kakanni akwai tsofaffin da kan je rafi da rani su yi ta wanke yashi a ƙwarya. Amma wannan karon dutse ake fasowa daga ramuka a daji, a cika buhuna, a ɗauro a babur har cikin gida. Baƙi suka zo daga ko'ina, wasu ko Hausa ba ta zauna a bakinsu ba. Halilu, taubashin Barau, mai injin niƙa a bakin tafki, ya daina karɓar hatsin mata ya koma niƙa dutse. Wanda bai samu layi a inji ba ya kai wa matarsa ta daka a turmi, a tsakar gida, kusa da murhu. Daga safe har la'asar ba ka jin komai a garin sai ƙugin inji da saukar taɓarya a kan dutse. Samarin da jiya ba su da keke suka wayi gari da babur da salula, gonakin iyayensu kuwa ciyawa ta karɓi aro.

Barau bai shiga ba. Halilu ya ja shi ya ja shi, ya ce masa rami ɗaya ne zai shiga a duniya, shi ma ba shi zai haƙa ba. Abin da ya ja idonsa daban ne. In an niƙa dutsen an wanke an cire abin da ake nema, ragowar ƙasar zubar da ita ake yi. Ta taru bayan injin Halilu har ta yi tudu. Ƙasa ce mai laushi kamar gari, ruwan toka, da wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Duk sanda Barau ya kai jaki shan ruwa sai ya tsaya ya ɗebi kaɗan ya murza a tafin hannu. Abin yana yi masa ciwo. Wannan uban tudu a ce ba shi da aiki?

Aikin ya samu da Rakiya ta tafi gida goyon ciki. Ta haifi 'ya mace, aka sa mata Lubabatu, aka aiko cewa in ta gama wanka za a dawo da ita. To ba a dawo da mai jego ɗakin da ɓeraye suka hudo. Sai an sake daɓe. Masu zinari duk siminti suke zubawa yanzu. Barau ya je wurin Halilu ya roƙi tudun.

"Ƙasar banza kaka roƙo, Tsintau?" in ji Halilu. "Kwashi son ranka. In ka gama ga hayaƙin inji nan ma, ka zo ka tsince."

Kwana uku jaki yana jigila. Inna ta fito ta tsuguna gaban tarin, ta ɗiba ta shinshina, ta ce ba ta son ƙasar nan. Ta ce ƙasa ce da ba ta taɓa ganin rana ba sai da aka tono ta, kuma damina guda ta wuce a kan tudun Halilu ko tsiron ciyawa ɗaya ba ta gani ba. Ta ce a je a haƙo jar marmara inda aka saba. Barau ya yi dariya, ya ce ai irin wadda ciyawa ba ta fitowa ita ake nema ga daɓe. Sannan ya mayar mata da maganarta ta shekara da shekaru, cewa ba a zubarwa. Inna ta kalle shi, ta karkaɗe hannu a zane, ta tafi jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ake yayyafa ruwansa daɓe ya yi ƙarfi.

Matan unguwa suka taru ranar Laraba da madaɓansu. Suka baje ƙasa, suka yayyafa ruwan makuba, suka yi ta bugu suna waƙa suna zagin mazajensu a cikin waƙar, har rana ta karkata. Da daɓen ya bushe, ko mu masu baƙin ciki sai da muka yarda. Santsi kamar bayan tasa, duhu-duhu, in hasken ƙofa ya faɗa masa sai ka ga yana ƙifta ido kamar taurari. Lauratu matar Tanko, waɗanda katanga ɗaya ta raba su da Barau, ta koma gida ta hana mijinta sakat sai ya yi mata irinsa. Amma Tanko ya makara. Baƙin nan sun gano cewa in aka sake wanke ragowar ana ƙara samun wani abu, sai Halilu ya kewaye tudunsa da ƙaya. Ɗakin Rakiya ya zama shi kaɗai a gari. A riƙe wannan.

Rakiya ta dawo da goyonta, ta ga ɗaki ta tsuguna tana shafa daɓen. Ko tabarma ba ta son shimfiɗawa, kar ta rufe ƙyallin. Tana share shi safe da yamma, kuma kowace shara sai tsintsiya ta taso da 'yar ƙura mai laushi. Sharar kuwa, bisa dokar gidan, a kusurwar agwagi ake watsa ta su tsattsage abin da za su samu, sauran ya wuce juji.

Ita Lubabatu 'yar fari ce, don haka Barau ba ya kama sunanta, ba ya ɗaukar ta gaban mutane. Baƙuwa yake ce mata. Baƙuwa ta ci, Baƙuwa ta yi barci. In muka tsare shi a dandali muka ce ya faɗi sunan ɗiyarsa, sai ya ce ya manta, a tambayi liman. Amma wanda ya taɓa leƙawa ta kan katanga ya san sauran labarin. In Inna ta fita unguwa, Barau zai zauna a bakin ƙofar ɗaki yana tufkar ƙarya, idonsa na kan yarinya. A kan daɓen nan ta koyi zama, a kansa ta fara rarrafe. Ƙyallin yana burge ta. Za ta sa ɗan yatsa tana ƙwaƙular tauraro ɗaya, in ya fito ta kai baki. Barau na ganin haka yana jin daɗi, wai ko jaririya ta san aiki mai kyau.

Agwagi ne suka fara. Wata safiya cikin bazara Barau ya ga babbar macen tana zagaya wuri ɗaya, wuya ya lanƙwashe, fukafukai na jan ƙasa. Kafin azahar ta mutu. Bayan kwana biyu wasu uku suka bi ta. Ba gidansa kaɗai ba. Agwagin da ke wanka a tafkin Halilu duk haka suka riƙa faɗuwa, har tafkin ya yi shiru. Aka ce annobar agwagi ce, tana zuwa tana wucewa. Muka yi ta yi wa Barau ta'aziyya da dariya, muna tambayarsa ko mushen ma igiya zai tufka da shi. Ya binne su bayan gida. Bai kai su juji ba, shi kansa bai san dalili ba.

Daga agwagi sai yara. Ba a haɗa biyun ba, wa zai haɗa agwagwa da ɗan mutum? A gidan Halilu aka fara, ɗiyarsa 'yar shekara biyu, amai da kuka, sai sanƙarewa, kwana huɗu aka kai ta. Sannan gidan Barau ladan. Sannan wani gida a gabas, su biyu a mako guda. Masu haƙa kabari suka daina mayar da diga gida, suka riƙa barin ta a gindin tsamiyar maƙabarta. Kowa da abin da ya ce: zafin bazara, sanƙarau, iskokin ramukan da aka tone aka hana su zama. Inji dai bai tsaya ba.

Lubabatu tana wata goma ta daina dariya. Ta daina miƙewa tana dafa gado, abin da ta riga ta fara. Nono in ta kama sai ta saki, ciki ya ɗaure, kuka ba ji ba gani. Mata suka ce haƙori ne. Da haƙori ya fito kuka bai tsaya ba suka ce shawara ce. Barau ya hau bayan babur ya je Anka ya samo maganin zazzaɓi, ya miƙa wa Rakiya a bayan idon Inna, don kar a ce ya damu. Wata Asabar bayan azahar yarinya tana kwance a kan daɓe sai ido ya juye, hannu da ƙafa suka sanƙare, ta riƙa jijjiga. Inna ta ɗauke ta tana tofa mata addu'a. Barau yana tsaye a tsakar gida da igiya a hannu, ba ya iya shiga, ba ya iya fita. Yarinya ta dawo, amma kowa a gidan ya san yadda abin ya fara a gidan Halilu.

Labari ya kai Gummi, mahaifin Rakiya ya zo da kansa ya tafi da su, wai a gwada maganin can. Mako uku suka yi. Maganin can kuwa ba wani abu ba ne, saiwa ce da rubutu irin wanda aka riga aka sha a nan. Amma yarinyar da aka dawo da ita ta fara mayar da kumatu, tana shan kunu, tana dafa bango. Aka yi ta barka. Rakiya ta share ɗakinta ta ajiye ta a ƙasa.

Kwana goma sha biyu, ciwon ya dawo.

A nan ne Barau ya shiga tunanin da ya hana shi zuwa dandali. Ya zauna gindin zogale yana jera abubuwa kamar yadda yake jera tsince-tsincensa. Nono ɗaya take sha a can da nan. Uwa ɗaya, kunu ɗaya, rubutu ɗaya. Iskokin rami, in su ne, me ya hana su hawa mota zuwa Gummi? Gidansa ba a daka dutse, shi bai taɓa shiga rami ba, agwaginsa ma ba sa zuwa tafki, a gida yake ba su ruwa. To me ya haɗa gidansa da gidan Halilu? Ya duba duniyar da ya sani tun yana yaro, inda kowane abu in ka bi sawunsa daga ƙasa ya fito kuma ƙasa zai koma lafiya, ya ga ashe ta daɗe da canzawa shi yana nan yana tufkar leda. Sai jar akuyar Inna ta faɗo masa a rai.

Agwagwa ɗaya ta rage a gidan, ita ma wuya ya fara lanƙwasa. Ya kama ta ya yanka, ya zauna ya farke ƙundun da wuƙa, ya juye a tafin hannu. Ba tsakuwa ba ce irin ta kowane ƙundu. Laka ce ruwan toka. Ya fito rana ya karkata hannun, abin ya ƙifta masa ido.

Ya shiga ɗaki, ya shafa ɗaya hannun a kan daɓe, ya jera tafukan biyu ya duba. Sannan ya buɗe ɗan hannun yarinyar da ke kwance, ya duba ƙarƙashin farcenta.

Inna tana tankaɗe a rumfa ya zo ya miƙa mata hannuwan.

"Inna, dubi wanga."

"Na gani. Sai mi?"

"Wanga daga ƙundun agwagwa, wanga daga ɗakin Rakiya. Ƙasa guda ce."

"Barau, mutuwa da rayuwa na Allah ne. Kar ka ja ma kanka magana, a ce ɗan Husaina ya taɓu."

"Na Allah ne, Inna. Amma ni na ɗauko ta bisa jaki na kawo, kina cewa a bari. Lubabatu ba ta ƙara kwana bisa ƙasar nan."

Inna ta dakata da rariya a hannu. Tun da aka raɗa sunan ba ta taɓa jin sa a bakinsa ba. Ba ta ce masa marar kunya ba. Ta ajiye rariyar, ta ce diga tana bayan rumbu.

Rakiya ce ba ta yarda da sauƙi ba. Ta tare ƙofar ɗaki da jikinta. Ta ce ɗakin nan shi ne kawai abin da take nuna wa danginta in sun zo suna yi mata gorin ta auri mai tsintar gwangwani. Ta ce in ta koma Gummi kwana goma sha biyu da dawowa babu wanda zai ce jinya ce, yaji za a ce ko saki. Barau ya ce a ce. Ta ce to yaushe za ta dawo? Ya ce bai sani ba. Ta tambaye shi ko wani malami ne ya gaya masa, ko likita. Ya ce agwagwa ce.

"Agwagwa," in ji Rakiya. "Kan maganar agwagwa zan bar ɗakina."

"Ki bar shi goye da ɗiyarki a baya, ya fi ki zauna cikinai ke kaɗai."

Ta kalle shi, ta kalli yarinya, ta juya ta fara ƙulla kaya.

Abin da garin bai manta ba shi ne fitarsu. Da hantsi, dandali cike da mutane, sai ga Barau Tsintau ya saɓo 'yar farinsa a kafaɗa, Rakiya na biye da ƙunshi a ka. Tanko ya miƙe ya ce jama'a su zo su ga abin da Tsintau ya tsinto yau. Wani ya ce ashe kunyar ma ƙarewa take yi kamar sabulu. Barau bai waiwaya ba. Ya kai su inda Mamuda mai kabu-kabu yake tsayawa, ya jira Rakiya ta goya yarinyar ta hau, ya ce wa Mamuda kar ya tsaya ko'ina sai tashar Anka.

Ya dawo ya sa diga. Daɓen da mata goma suka wuni suna bugu bai ba shi sauƙi ba. Makuba ta kama shi kamar dutse. Ya ɗaura tsumma a hanci ya yi ta fasawa, yana fitar da ɓaraguzan a kwando yana tarawa a ƙofar gida.

Da ya tsaya hutawa ya je wurin Halilu. Ya same shi gaban inji, gashin ido da gemu duk sun yi fari da ƙura, kamar wanda ya tsufa a wata guda. Sai da aka kashe injin suka ji juna. Barau ya faɗi abin da ya gani, ya ce ko da dakan cikin gida ne a daina, a mayar da aikin daji. Wasan taubasai bai zo ba ranar.

"Kana nufin ni na kashe ɗiyata?" in ji Halilu a hankali.

"Ban ce ba."

"To mi ka ce?"

Barau ya dubi tudun da aka kewaye da ƙaya. Halilu ya ce ƙasa ce kawai, ƙasar da aka halicce mu da ita, kuma rabin garin nan da ita suke cin tuwo bana. Ya ce masa ya je ya ji da ɗakinsa. Ya juya hannun inji, ƙugi ya rufe sauran maganar.

Wuni biyu Barau ya yi kafin ya kankare ɗakin har jar ƙasar asali ta fito. Sai kuma ya tsaya gaban tarin ya ga bai san inda zai kai shi ba, mutumin da tun yana yaro bai taɓa riƙe abu ya rasa masa wuri ba. Juji? Juji gona za shi, gona kuma tukunya. Kududdufin bayan gari? Can ake buga tubali, can shanun Fulani ke sha. Ya watsa a fili? Ruwan farko zai kwaso shi ya kawo rafi, inda gonarsa take. Duk hanyar da ya bi da tunani sai ta zagayo ta dawo bakin wani. A da, abin da ya sa yake son hanyoyin ke nan. Jujin gidan ma, da ya sha sharar ɗakin wata da watanni, yanzu kallon maciji yake yi masa.

A ƙarshe ya tuna wani tsohon rami can cikin daji wanda masu haƙa suka bari, mai zurfin gaba biyar. Daga can aka fito da ita, can za ta koma. Nisa ne da shi, zuwa da dawowa sai ya cinye wuni, kuma mangala ɗaya jaki yake iya ɗauka. Da safe ya ɗaura ta farko. Inna ta ce ya rufe sauran da ƙaya kafin ya tafi. Ya ce wa zai taɓa ɓaraguzai? A ce Tsintau ne ya yi wannan tambayar.

La'asar sakaliya ya dawo. Ƙofar gida fes, har an share wurin, ga sawun tsintsiya.

Inna ta ce ta fito ta yi magana, aka ce mata ai zubarwa ya yi, abin da aka zubar kuwa na mai tsinta ne. Lauratu ce ta fara zuwa da tasa. Da sauran mata suka gani sai kowa ta fito da abin da ta samu, mai kwando da mai buhu. In aka daka ɓaraguzan aka jiƙa, ai daɓe ne sabo.

Barau ya bi gida-gida yana sallama. Ya ba da labarin ƙundu, ya ba da na Gummi, ya roƙa don Allah a fito masa da ƙasar. Wasu suka ce ya ga ana so ne ya dawo yana rowa. Wasu suka ce tun da matar ta tafi kansa ya kwance. Gida biyu ne suka mayar, su ma don girman Inna. Tanko ya fito zaure yana sakace, ya saurare shi har ƙarshe. Ta bayansa ana hango Zinatu, jaririyar Lauratu, an tokare ta da matashi a kan tabarma.

"To Tsintau," in ji Tanko, "shekara nawa kana yi muna wa'azi ba a zubarwa? Yau da munka ji maganarka kuma ka zo kana kuka?"

"Tanko, Zinatu ta fara zama. Nan da wata biyu tana rarrafe."

"Ta rarrafa bisa ɗaki mai kyau, in Allah ya so. Kai dai tafi ka nemo matarka."

Inda magana take ke nan. Gidanmu ma an shigo da tasa biyu. Suna nan bayan rumbu an rufe su da faifai, ba a daɓa ba, ba a kuma mayar ba. Har yau babu wanda ya san sunan abin da ke cikin ƙasar nan, ko ma akwai wani abu. Barau ya kwashe jujin gidansa sawu-sawu ya kai rami, karo na farko da gonarsa za ta ga damina ba taki. A zaure yake zama, ɗakin Rakiya a rufe. Jiya an gan shi ya wuce sabuwar ƙusa a kan hanyar masallaci, ko kallonta bai yi ba, kuma babu wanda ya yi dariya.

Daga Gummi an aiko cewa Lubabatu ta tashi, tana takawa, jijjigar ba ta sake dawowa ba. An dai ce har yanzu ba ta fara magana ba, kuma wani lokaci sai an kira ta sau uku kafin ta juyo. Surukin Barau ya aiko sau biyu yana tambaya yaushe za a zo ɗaukar su, don zaman ya fara tsawo, mutane na magana. Barau ya ce a ba shi haƙuri, ba za su dawo garin nan ba. Ya sa a tambayar masa ko ana samun aron gona a fadama.

Larabar da ta wuce yana zaune gindin zogale, hannu babu igiya, sai ya ji mata suna taruwa a bayan katanga. Aka yi gaishe-gaishe, aka yi dariya, wata ta tambayi ina ruwan makuba. Can ƙasa da muryoyinsu Zinatu tana gwarancinta. Sannan madaɓi na farko ya sauka.